Shekarar da Katin Asibitina Ya Ɓace

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a danginku na wajen uba, daga nan unguwar Briketeri ta Yawunde har Garwa, wai ni na ɓoye katin asibiti na bar kakarku ta mutu. Na san ta iso kunnenku, don na sha shiga ɗakin biki in ji an yi tsit, mata na ta gyara ɗaurin ɗankwalin da bai kwance ba. Ban taɓa tanka wa kowa ba, ku kuma kunya ta hana ku tambaya. Yanzu gwiwa ta zaunar da ni, babanku ya riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka ga abin da idonsu saura ƙalilan. Gara ku ji daga bakina, ba don in wanke kaina kawai ba, har don ku san irin matar da kuka fito daga tsatsonta.

Dada muke ce mata, yadda Fulani ke kiran uwa. Daga Garwa ta biyo mijinta zuwa Yawunde, bai daɗe ba ya rasu ya bar ta da yara biyu, babanku da goggonku Fanta, a wani ɗakin haya mai yoyo. 'Yan'uwa suka aiko ta koma gida, ta ce ba za ta je ta zauna tana jiran a sam mata tuwo ba. Turmi ɗaya ta saya, ta fara daka yaji tana sayar wa masu gashin soya, wato tsire, na bakin titi. Lokacin da aka kawo ni gidan turame sun zama uku, kuma duk mai soyan da ya san kansa, daga Briketeri har Mesa, yajin Dada yake barbaɗawa. Lallen aurena bai gama gogewa ba ta miƙo mini wani tsohon ɗankwali ta ce in ɗaure hanci. Ni 'yar gidan ɗan kasuwa, ubana Bakano mai shagon atamfa, na ɗauka wasa take. Na yi atishawa ranar har kwallina ya zubo kumatu, ita kuwa tana zaune tana dariya, haƙoranta jajir da goro. Amarya ta kira ni ranar, Amarya ta ci gaba da kira na har na haifi huɗu.

Aikin yaji ba daka kawai ba ne. Sai an je kasuwar Mokolo da sassafe an zaɓi barkono, an ɓalla citta an sansana, an tauna masoro a ji ko yana da rai. Ƙuli-ƙulin ma a gida muke yi, don Dada ta ce na kasuwa bai rabu da mai ba, yana sa yaji ya yi ɗoyi. Ga kuma ruwan Yawunde da ba shi da alkawari: ka baza barkono a kan kwano rana na ƙwallewa, kafin ka idar da alwala hadari ya haɗo, sai ka ga gida ya kaure da gudu, kowa da faifai a ka. Injin niƙa kuwa ko sunansa ba ta son ji, ta ce yana dafa barkono ya kashe masa ƙanshi. Na sha yi mata tsiya a kan wannan, in ce ƙanshin nan da ƙashin bayanmu ake biyansa. Sai ta ce in na gaji in je in kwanta, ta karɓi taɓaryar. Wa zai kwanta ya bar tsohuwa na daka? Haka take cin mu da yaƙi kullum. Ita kanta ba ta ɗaure hanci, wai barkono ya san ta. Tari kuwa tun ina amarya take yin sa, har mun daina jin sa.

A farkon shekarar da nake ba ku labari, Malam Buba ya faɗi. Shi ne babban mai sayen yajinmu, teburinsa na kusa da masallaci. Ciwon ciki ya kayar da shi yana tsakar yanka nama, aka kwashe shi sai asibiti, can aka ce aiki za a yi masa amma sai an ajiye kuɗi tukuna. Mutumin da ke ciyar da rabin layi ya kwanta a kan benci yana murƙususu, ana bin sahu a masallaci da hula ana haɗa masa. An haɗa, an yi aikin, ya tashi. Amma kafin ya miƙe ya sayar da teburin da ma'aunin, ya koma yaron wani. Abin ya tsaya wa Dada a rai ƙwarai. Ta ce ma'aikacin ofis in ya kwanta albashinsa na tafiya, mu kuwa ranar da hannu ya tsaya ranar komai ke tsayawa, ga ciwo ga yunwa a lokaci ɗaya.

Akwai wata Madam Odil daga unguwar Ekudu da ke sayen yajinmu tana gasa kifi. Ita ta ba mu labarin wata ƙungiya da ke yi wa masu sana'ar hannu asirans, abin da 'yan Najeriya ke kira inshora. Kana biya kaɗan-kaɗan duk wata kana lafiya, a ba kowa a gidan kati mai hotonsa, ranar da ciwo ya zo ka nuna katin a karɓe ka ba sai an nemi ajiya ba. Dada ta sa ta maimaita har sau nawa, tana tambaya da guntun Faransancinta na kasuwa. Washegari ta tasa ni da babanku gaba zuwa ofishin, ta sa mayafinta na zuwa suna. Matar da ke teburin ta yi mana bayani a tsanake. Sai an yi wasu watanni ana biya kafin kati ya fara aiki, na haihuwa ma ya fi daɗewa. Wanda aka kama ya ara wa wani katinsa, gidan gaba ɗaya za a soke. Daga nan ta dubi takardar shaidar Dada, ta ce ta yi haƙuri, shekarunta sun wuce waɗanda suke ɗauka.

Babanku ya miƙe tsaye a take. Kun san shi, mutum ne mai sanyi, ya yini a kan keken surfani bai ce uffan ba, amma a kan uwarsa ba ya ji ba ya gani. Har muka iso gida yana faɗa. Ya ce gidan da za a rufa wa kowa asiri a bar tsohuwa a waje ba gidansa ba ne, kuma da wane ido zai dubi mutane yana riƙe da kati wadda ta haife shi ba ta da shi. Ni ma na goyi bayansa, don gaskiya abin ya yi mini nauyi. Dada ta bar mu muka gama, tana tsince tsakuwa a cikin masoro, sannan ta ɗago.

"To, na ji. Ba su ɗauki tsohuwa ba, saboda haka yara huɗu ma su zauna babu. Wannan lissafin a wace makaranta aka koya maka shi?"

Ya ce ba lissafi ba ne, kunya ce.

"Kunyar ta kai ka asibiti mu gani. Ni na ci zamanina ba kati, bingel am, ɗana. Ku ne ban yarda ku kwanta a benci ba."

Aka yi hotuna, aka karɓo katuna shida. Yadda ta tsara biyan ma abin a yaba ne. Ta san in aka ce a jira ƙarshen wata a cire, ba za a cire ba, kullum akwai suna ko rasuwa ko takalmin makaranta. Sai ta ware mai soya ɗaya daga cikin masu sayenmu, wani na bakin hanyar unguwar Madagaskar, ta ce duk abin da ya kawo ba namu ba ne, na kati ne, ko gishiri ya ƙare ba a taɓawa. Nama ya ragu a miyarmu, ku manyan kun tuna, kun yi ta ƙunƙuni. Matan layi kuwa suka samu abin yi. Wata ta ce muna biyan kuɗin ciwo tun bai zo ba kamar muna aika masa goron gayyata. Dada ta ce mata ai ita ma tana sayen laima tun kafin hadari, ba a ce ita ke kiran ruwa ba.

Bayan 'yan watanni na gane ina da ciki, a lokacin da na ɗauka na gama. Haihuwata ta baya da kyar na sha, saboda haka da na je awo da sabon katina likita bai ɓoye mini ba. Ya ce wannan karon kada in kuskura in yi naƙuda a gida, aiki za a yi a ciro ɗan, in ba haka ba ana iya rasa mu duka biyu. Da muka lissafa, watan haihuwar ya faɗo daidai bayan katin ya fara ɗaukar haihuwa. Dada ta yi ta hamdala, ta hana ni taɓarya, ta mayar da ni kan tankaɗe da ƙulla leda. Dakan da na bari kuwa ita ta ƙara a kan nata, ko da mun ɗauki mai taya mu.

Da manyan ruwan sama suka kankama, tarinta ya canza murya. Ta daina iya kwanciya sai a jingine, in ta taka daga ɗaki zuwa bakin turmi sai ta dafa bango. Muka kai ta wani ƙaramin asibiti da kuɗin hannu, aka rubuta magani, aka ce in bai yi ba sai babban asibiti, a kwantar da ita a sa mata iska. Kowa ya san abin da wannan ke nufi ga mai biya daga aljihu. Wata la'asar babanku ya rufe ƙofar ɗakin Dada, mu uku, ya kawo shawarar da ya kwana biyu yana juyawa. Ya ce hoton katina ƙarami ne, ga mayafi ya rufe rabin goshi, kuma ya ji ana cewa in layi ya yi tsawo ba a cika dubawa ba. A kai Dada da sunana, a ce ita ce Hadiza. Ya ce mutane na yi.

Ba zan yi muku ƙarya ba, gabana ya faɗi. Na tuna maganar likita, na tuna abin da matar ofis ta ce game da aro. Amma na dubi Dada tana jan numfashi kamar mai hawan dutsen Mesa da kaya, na tashi na je na buɗe kwallar da nake ajiye katunan, na ɗauko nawa na sa mata a hannu. Allah ne shaidata, da zuciya ɗaya na ba ta. Ta juya shi, ta kai shi kusa da ido, ta ce hoton bai yi kyau ba, na fito kamar wadda aka kama da satar kaza. Sannan ta miƙo mini abina.

"Ran Litinin Hadiza mai ciki ta je awo, ran Laraba Hadiza tsohuwa ta zo da tari. Su mutanen asibitin ba su da ido ne?"

Babanku ya ce wani asibitin daban za a je. Ta ɗaga masa hannu, ta jira tarin ya lafa.

"In na mutu a can fa? Sai su rubuta Hadiza ta mutu. Ranar da za a ciro ɗan nan, wace Hadizar za ku kai musu? Kuma ni, bayan duk wahalar da na sha, in koma ga Ubangijina da sunan aro?"

Ya durƙusa yana roƙonta, har da hawaye. Ta ce maganar ta ƙare, ta juya fuska bango. Na mayar da katin cikin kwalla a gabansa. Amma na san babanku, na ga idonsa, bai haƙura ba. Jira yake ranar da ba za ta iya musu ba. Ashe ita ma ta gani.

Ranar ta zo da hantsi. Goggonku Fanta, da ke aure can arewa, ta sauka daga jirgin ƙasa kwana ɗaya kafin nan, ba ta san duk abin da aka tattauna ba. Ita ta shiga da kunu ta tarar Dada ba ta amsawa, leɓɓanta sun yi duhu. Babanku ya aika a tsayar da taksi, ya faɗa ɗakina ya buɗe kwalla. Katuna biyar ya gani, nasa da na yara. Nawa babu. Ya zazzage kwallar, ya ɗaga katifa, ya watsar da kayan akwati, sannan ya juyo ya tambaye ni ina katin, da wata murya da bai taɓa yi mini ba tun da aka ɗaura mana aure. Na rantse ban taɓa shi ba tun ranar nan. Ya dube ni, ya dubi cikina, kuma wannan kallon ya fi mari ciwo. Fanta na bakin ƙofa tana jin mu. Abin da ta fahimta shi ne akwai katin da zai ceci uwarta, kuma matar ɗan'uwanta ta ɓoye shi. Daga bakin ƙofar nan maganar ta tashi.

Da sunanta aka rubuta Dada a asibiti. Aka nemi ajiya, babanku ya bazama. Kafin la'asar ya sayar da keken surfaninsa a wulaƙance, masu soya suka haɗo nasu, Malam Buba da ba shi da ko tebur ya zo da abin da ya samu a ƙulle a hankici. Sai da yamma aka shigar da ita aka sa mata iskar. Ta yi 'yan kwanaki, ba ta farfaɗo sosai ba, ta cika ranar wata Alhamis. Likita ya ce barkono ya daɗe da cinye huhun. Na sha tambayar kaina ko da an shigar da ita tun hantsi da ta tashi. Ban sani ba, kuma ba zan ce muku hanin da ta yi bai ci komai ba. Wataƙila ya ci mata kwanaki, wataƙila ya ci mata fiye da haka. Ta san da wannan lokacin da ta miƙo mini katin.

Inna Laraba ta Madagaskar ce ta yi mata wanka, tsohuwar da ta wanke rabin matan unguwar nan. Ni ban shiga ba saboda cikina. Bayan maza sun ɗauke ta, gida ya cika da mata, Fanta ko kallona ba ta yi, sai Inna Laraba ta yafito ni bayan turame inda ba kowa. Ta kama hannuna ta danna mini wani abu a tafi, a naɗe cikin ledar ƙulla yaji. Katina ne. A cikin lalitar Dada ta same shi, jakar nan ta zane da tsofaffi ke ɗaurawa a ƙugu a ƙarƙashin tufafi, wadda ko 'yarta ba ta isa ta taɓa ba. Tsohuwar da ba ta iya taku biyar sai ta dafa bango, ta lallaɓa ɗakina ta ɗauke shi ta ɗaure a jikinta, don kada a yi amfani da shi a kanta ranar da bakinta ya mutu.

"Ɗaurin ya ƙi kwantuwa, sai da na sa reza," in ji Inna Laraba. "Na ga hotonki shi ya sa na kawo miki. Amma ki sani, abin da mai wanka ta gani a ɗakin wanka ba ya fita. Kada ki kira ni shaida."

Na zauna a kan turmi na yi kukan da ban yi ba a asibiti. Da dare ya yi na nuna wa babanku. Ya daɗe yana riƙe da ledar, sannan ya nemi gafarata, ya ce gobe zai tara dangi ya faɗa musu. Ni na hana shi. In ya faɗa, sai ya faɗi cewa ya yi niyyar kai uwarsa da katin aro, kuma maganar da aka yi a gidan makoki a Briketeri kafin magariba ta isa Ekudu. In ta kai kunnen ofishin nan suka soke mu, to Dada ta yi wahalar banza ke nan. Ga shi kuma ba shaida, Fanta za ta ce bayan an binne na fito da shi. Na ce a bari sai na sauka. Da na sauka kuma maganar ta riga ta yi ƙwari, ya gaya wa Fanta su biyu, ta ce ai dole ya kare matarsa. Ban riƙe ta ba. Uwarta ce ta mutu, kuma abin da ta gani da idonta ke nan.

Naƙuda ta zo mini kafin ranar da aka sa, da rani, ina tsakar tankaɗe. Jini ya ɓalle tun a taksi. Babanku ba keke ba jari, abin da ke aljihunsa bai wuce kuɗin motar ba. A teburin karɓar marasa lafiya ya miƙa katin. Matar da ke wurin ta ɗaga shi, ta sa aka janye mini mayafi, ta dubi hoton ta dubi fuskata da kyau, ta duba takardun awona, sannan ta kira sunana. Na amsa. Ba wanda ya ce a kawo ko sisi, ba wanda ya je masallaci da hula. Kafin babanku ya gama sa hannu an tura ni ciki.

Ke ce aka ciro, auta. Ba ki yi kuka ba sai da suka yi ta fama da ke, kuma likita ya ce da an tsaya neman kuɗi ko na sa'a guda da ba wannan maganar ake ba. Kin sha tambayata me ya sa kowa a gidan nan ina kiransa da sunansa, ke kaɗai sai in ce Ummi. Sunan Dada ne a kanki. Na yi shekaru a gidanta ban taɓa furta shi ba, kuma har yau in na buɗe baki zan kira ki da shi, sai kunyar Dada ta hana ni.